Fansi Mai Yaɗo: Yadda Ake Rainon Furen Lokacin Sanyi a Lambu da Tukunya

GABATARWA

Kowace shekara idan damina ta ɗauke, hunturu ya kankama, ciyawa takan bushe, itatuwa da yawa su kaɗe ganye, ƙura ta lulluɓe gari. A wannan lokaci ne mai sha'awar furanni yakan dubi tsakar gidansa ya rasa abin da zai faranta masa ido. Amma kuwa akwai furannin da ba su da lokacin da suke so kamar wannan, domin su 'ya'yan sanyi ne. Ɗaya daga cikinsu shi ne wanda Turawa ke kira fansi, musamman ma nau'insa mai yaɗo, wanda rassansa ke malala a kan ƙasa ko su zubo daga bakin tukunya.

An shirya wannan darasi ne domin magidanta da matan gida, da malaman da ke kula da lambunan makarantu, da kuma samarin da suka riƙi rainon furanni sana'a a bakin titunan biranenmu. Irin fansi daga ƙasashen waje ake sayo shi, kuma yana da tsada. Wanda ya shuka shi ba a kan kari ba, ko kuwa a wurin da bai dace ba, ya yi asarar kuɗinsa da ruwansa da wahalarsa. Saboda haka abin da ake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, rayuwar fansi duka a kan sanyi ta rataya. Wanda ya san watannin sanyi na garinsu, ya kuma tsara aikinsa a kansu, shi ne zai ga fure.

1. ASALIN FANSI DA KAMANNINSA

Fansi ɗan Turai ne. Kakanninsa ƙananan furanni ne na daji da ke tsirowa a gonaki da makiyaya, babba daga cikinsu shi ne wanda masana tsirrai ke kira Viola tricolor, wato mai launi uku. A farkon ƙarni na 19 masu lambu a Ingila suka shiga haɗa waɗannan furanni barbara, suna zaɓen waɗanda suka fi girma da kyan launi. Cikin waɗanda suka yi suna a wannan aiki akwai William Thompson, mai kula da lambun Lord Gambier a garin Iver. Wajen ƙarshen shekarun 1830 aka sami fansi mai baƙin tabo a tsakiya, wanda ya zama alamarsa har yau. Daga baya masana suka raɗa wa fansin lambu suna Viola × wittrockiana, don tunawa da Veit Wittrock, masanin tsirrai na ƙasar Suwidin wanda ya binciki tarihinsa. Ita kuwa kalmar fansi daga Faransanci ta samo asali, ma'anarta tunani, domin furen ya yi kama da fuskar mutum da ya sunkuyar da kai yana tunani.

Kowane fure yana da ganye biyar masu laushi: biyu a sama, ɗaya a kowane gefe, ɗaya a ƙasa. Akwai fari, da rawaya, da shuɗi, da shunayya, da ja mai duhu, akwai kuma masu haɗa launi biyu ko uku.

Fansi na yau da kullum a dunƙule yake tsayawa, tsawonsa santimita 15 zuwa 20, faɗinsa ma kusan haka. Mai yaɗo tsawonsa bai wuce na ɗan'uwansa ba, amma yana fitar da rassa da yawa, waɗanda a ƙasashe masu sanyi sukan miƙe har santimita 60 zuwa 75. Furanninsa ba su kai na manyan nau'o'i girma ba, sai dai sun fi su yawa nesa ba kusa ba. Nau'in da ya fi shahara shi ne Cool Wave, wanda kamfanin PanAmerican Seed na Amurka ya fito da shi kasuwa a farkon shekarun 2010.

2. INDA ZAI YI A ƘASARMU

Fansi ya fi jin daɗi idan zafin rana bai wuce digiri 20 ba a ma'aunin santigired, na dare kuma ya sauka wajen digiri 10 ko ƙasa da haka. A ƙasarsa ta asali yana jure har sanyin ƙanƙara. Zafi kuwa shi ne ajalinsa. Idan zafi ya yi yawa, musamman idan dare ma bai yi sanyi ba, rassansa sukan yi tsawo su sirance, furanni su ƙanƙance, saiwoyi su raunana, daga nan cuta ta sami ƙofa.

A Nijeriya abu biyu ne ke kawo sanyi: hunturu da tudu. Duk mita 1,000 da mutum ya hau sama, zafi yakan ragu da wajen digiri 6. Bisa ga wannan za a iya kasa ƙasarmu gida uku.

Na farko, tuddai. Jos tana wajen mita 1,200 sama da teku, tsaunin Mambila a Jihar Taraba da na Obudu a Jihar Kuros Riba sun haura mita 1,500. Nan ne fansi ya fi samun abin da yake so, kamar yadda dankalin Turawa ya karɓi ƙasar Filato, ganyen shayi ya karɓi ta Mambila.

Na biyu, filayen Arewa, kamar su Kano, Zariya, Katsina, Kaduna da Bauchi. A watannin Disamba da Janairu dare yakan sauka ƙasa da digiri 15, amma da rana zafi yakan kusanci digiri 30. A nan fansi zai iya yi a cikin tukunya idan an kāre shi daga ranar tsaka, amma kwanansa kaɗan ne, yaɗonsa kuma ba zai kai wanda ake gani a hoton takardar iri ba. Kafin watan Maris ya yi nisa zafin bazara zai gama da shi.

Na uku, garuruwan Kudu da na bakin manyan koguna, kamar su Legas, Fatakwal, Lakwaja da Makurɗi. A nan da wuya dare ya yi sanyin da fansi ke bukata, ga kuma laima a iska. Shawarar da za a ba mazauna waɗannan wurare ita ce su kashe kuɗinsu a kan furanni masu jure zafi.

3. LOKACIN SHUKA

Daga ranar da aka shuka iri zuwa ranar da furen farko zai buɗe, akan ɗauki mako 10 zuwa 12. Don haka sai mutum ya dubi watan da sanyi ya fi tsanani a garinsu, ya ƙidaya baya. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya bari sai da ya ji sanyi a jikinsa a watan Janairu sannan ya tuna da shuka, furensa zai buɗe ne a watan Afrilu, a tsakiyar bazara, in har tsiron ya kai lokacin.

A kan tuddai, a shuka daga ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Oktoba, don a sami fure tun daga Disamba. A filayen Arewa watan Oktoba yana da zafi, saboda haka a dakata zuwa ƙarshensa ko makon farko na Nuwamba, fure ya buɗe a Janairu. Wanda ya makara, ko wanda ba shi da wurin raino mai sanyi, gara ya sayi dashe daga masu raino na kan tudu a watan Disamba.

4. ZAƁEN IRI

A sayi iri a cikin takardarsa a liƙe, a duba kwanan watan da ke jiki. Irin fansi ƙanana ne ƙwarai, kuma ba ya daɗewa da rai idan ya sha zafi. Takardar da ta yi watanni a kan teburin mai kaya cikin rana, a ƙyale ta komai arharta. In an sayo, a sa a kwalba mai murfi, a ajiye a wuri mafi sanyi a gida, ko a ƙasan firiji inda ake sa kayan miya.

Duk mai niyyar shigo da iri ko dashe daga waje, lalle ne ya nemi izini tukuna daga Hukumar Killace Kayan Gona ta Nijeriya, wato NAQS. An kafa wannan ƙa'ida ce don kada a shigo mana da cututtuka da ƙwarin da za su yaɗu zuwa amfanin gona.

5. RAINON IRI

A sami kasko mai faɗi ko akwatin katako mai zurfin santimita 6 zuwa 8, mai huji a ƙasa. A tankaɗe ƙasar lambu mai laushi kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, yashi kashi ɗaya, a gauraya. A yayyafa wa haɗin ruwa, a zuba a rabin duro ko tsohuwar tukunya, a rufe, a ɗora a wuta har tururi ya ratsa shi na kamar rabin sa'a, sannan a bari ya huce sarai. Wannan turarawa tana kashe ƙwayoyin cutar da ke karya ƙananan tsirrai daga gindi.

A jera irin ɗaya-ɗaya, da tazarar santimita 2 zuwa 3, a rufe da ƙasa 'yar kaɗan, kaurinta kada ya wuce milimita 3. A jiƙa a hankali da yayyafi.

Irin fansi yana son abu biyu kafin ya tsiro: duhu da sanyi. Ya fi tsirowa a digiri 18 zuwa 21, idan kuwa zafi ya haura digiri 25 da yawansa yakan ƙi fitowa. A kan tudu ya isa a rufe kaskon da jiƙaƙƙen buhu a ajiye a ɗaki mai sanyi. A filayen Arewa ana iya aron dabarar tukunya cikin tukunya, wadda Malam Mohammed Bah Abba na Jihar Jigawa ya yaɗa don adana kayan lambu, har ta jawo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Akan sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma. Yayin da ruwan yashin ke bin iska, cikin tukunyar yakan yi sanyi. Ƙaramin kaskon iri da aka sa a ciki ya sami duhu da sanyi gaba ɗaya.

A riƙa leƙawa kowace safiya. Cikin mako ɗaya zuwa biyu tsiro zai ɓullo. Da zarar an ga haka a fito da kaskon zuwa wuri mai haske da inuwa, domin tsiron da ya daɗe a duhu yakan yi dogon wuya ya faɗi. Bayan 'yan kwanaki a fara ba shi ranar safe kaɗan-kaɗan. Idan ya yi ganye huɗu zuwa shida, wato bayan mako biyar ko shida, ya isa dashe.

6. TUKUNYA DA ƘASA

Tukunyar ƙasa ta maginanmu ta fi bokitin roba da gwangwani. Jikinta yana tsatsafar da ruwa, wannan kuwa yana sanyaya saiwa, alhali baƙar roba da ƙarfe suna tara zafi su dafa ta. A zaɓi tukunya mai faɗin baki santimita 25 zuwa 30, a huda gindinta, a rufe hujin da ɗan katanga don kada ƙasa ta zube. Tsiro uku sun ishi tukunya irin wannan. A dasa su kusa da baki yadda rassa za su zubo waje. In kwando za a rataya, a tuna ya fi tukunya saurin bushewa, domin iska tana bugunsa ta kowane gefe.

Wanda zai dasa a ƙasa, ya ɗaga kwami ya ɗara sauran fili tudu don ruwa kada ya kwanta, ya bar tazarar santimita 25 zuwa 30 tsakanin tsiro da tsiro.

Haɗin ƙasa shi ne irin na raino. Inda ƙasar ke da danƙo, a ƙara yashi ko ɓuntun shinkafa da aka babbake. Taki kuwa lalle ya zama ya ruɓe sarai, domin ɗanyen kashin shanu ko na kaji yana ƙona saiwa yana kuma kiran gara.

Gargaɗi: kada a zuba toka ko farar ƙasa. Fansi yana son ƙasa mai ɗan tsami, wajen 5.5 zuwa 6 a ma'aunin tsamin ƙasa. Toka tana kashe wannan tsami, sai tsiron ya kasa jan sinadarin ƙarfe, sababbin ganye su koma rawaya, cutar baƙin ruɓan saiwa kuma ta sami wurin zama.

A yi dashe da yamma. A ɗauko tsiro da ƙasar gindinsa, a dasa shi daidai zurfin da yake a kasko, kada a binne wuyansa, sannan a ba shi ruwa.

7. RANA DA ISKA

Littattafan Turai sukan ce a sa fansi a cikin rana sosai. Wannan magana ta ƙasarsu ce, inda ranar lokacin sanyi ba ta da ƙarfi. A nan abin da ya dace shi ne ranar safe ta sa'a huɗu ko biyar, daga hantsi ya yi nisa kuma sai inuwa. Gindin bango mai fuskantar gabas, ko barandar da ke kallon gabas, shi ne wuri mafi kyau. Bangon yamma kuwa a guje shi, domin yakan sha ranar la'asar ya kwana yana fitar da zafi. Haka nan kada a ajiye tukunya a kan daɓen siminti da rana ke duka. A ɗora ta a kan katako ko bulo.

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, busasshiya ce, ga ƙura. A kafa ɗan shingen zana ta wajen arewa don ya karya ƙarfinta ba tare da ya tare hasken safiya ba.

8. BAN RUWA DA TAKI

A ba da ruwa da sassafe, a gindi. Kafin a zuba, a tura yatsa cikin ƙasa zurfin gaɓa ɗaya: in an ji danshi a dakata, in an ji bushewa a zuba har ruwa ya ɗigo ta hujin ƙasa. A lokacin hunturu tukunya takan bukaci ruwa kullum, kwandon rataye wani lokaci har sau biyu. Amma fa yawan ruwa ya fi ƙarancinsa kashe fansi, domin saiwar da ta kwana cikin ruwa ruɓewa take yi. Sau ɗaya ko biyu a mako a wanke ƙurar ganye da yayyafi mai laushi, da safe, don ganyen ya bushe kafin dare.

Fansi mai yaɗo ya fi ɗan'uwansa cin taki saboda yawan rassansa. Mako biyu bayan dashe, a jiƙa ƙaramin cokalin shayi ɗaya na takin zamani NPK 15-15-15 a cikin ruwa lita biyar, a bari ya kwana, a motsa, a zuba a gindi bayan an riga an ba da ruwa. A maimaita duk bayan mako biyu. Kada a yi amfani da takin yuriya, domin a yanayi mai ɗumi ganye da tsawo kawai zai haifar, fure ya ƙaranta.

9. TSINKE FURE DA DATSE RASSA

Duk tsiron da ya fara ƙulla 'ya'ya yakan rage fure, domin ƙarfinsa ya koma can. Saboda haka duk bayan kwana biyu ko uku a bi a tsinke furannin da suka yanƙwane, tare da sandarsu har gindi. Reshen da ya yi tsawo ya tsiraita, a datse sulusinsa, zai fito da sababbin rassa muddin da sauran sanyi.

10. ƘWARI DA CUTUTTUKA

Darɓa: ƙananan ƙwari ne masu taruwa a kan toho da bayan ganye suna tsotsar ruwansa. A wanke su da ruwa, ko a daka 'ya'yan darbejiya a jiƙa su kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma.

Jan gizo-gizo: ƙanƙane ne, da ƙyar ido ke ganinsa, yana son bushewa da ƙura. Alamarsa ɗigo-ɗigon fari a kan ganye da siririyar saƙa a bayansa. Wanke bayan ganye a kai a kai shi ne rigakafinsa.

Dodon koɗi: ya fi yawa a wurare masu laima kamar Mambila da Obudu. A tsince shi da hannu da dare ko da asuba.

Ruɓan saiwa: tsiro yakan yi yaushi alhali ƙasa a jiƙe take, in an tumɓuke a ga saiwar ta yi baƙi. Ba shi da magani a gida. A cire tsiron a ƙone, a zubar da ƙasar nesa da lambu, a wanke tukunyar a shanya ta a rana.

Kada kuma a manta da kaji da awaki, waɗanda cikin minti kaɗan za su share aikin wata uku.

A ƙasashen Turai akan ƙawata abinci da furen fansi. Amma duk furen da aka fesa wa maganin ƙwari na kanti, ko wanda aka sayo ba a san abin da aka fesa masa ba, kada a kai shi baki, kada kuma a bar yara su ci.

11. ƘARSHEN LOKACI

Idan bazara ta ƙarato za a ga furanni sun ƙanƙance, rassa sun zube. Wannan ba laifin mai lambu ba ne, wa'adin furen ne ya cika, kuma ƙarin ruwa ko taki ba zai dawo da shi ba. A tumɓuke, a sabunta ƙasa, a dasa furanni masu jure zafi irin su ziniya da fotulaka.

Wasu za su so su tara iri don baɗi. A sani cewa yawancin nau'o'in masu yaɗo haɗaɗɗen iri ne, wanda ake sa wa alamar F1 a jikin takarda. 'Ya'yan irin wannan ba sa gadon iyayensu daidai, kamar dai yadda manoma suka sani game da haɗaɗɗen irin masara. Launi zai iya sauyawa, yaɗon ma ya ɓace. Wanda yake son abin da ya gani bana, sai ya sayi sabon iri.

12. JAN HANKALI GA MASU SANA'AR FURANNI

Lokacin sayar da fansi shi ne Disamba da farkon Janairu, sa'ad da tsiro ya fara toho. A fara da kaɗan a shekarar farko, a rubuta ranar shuka, da ranar tsirowa, da ranar furen farko, da ranar da zafi ya kashe shi. Wannan rubutu shi ne zai zama jagora a shekara mai zuwa, domin sanyin kowane gari daban yake. Sannan a gaya wa mai saye gaskiya, cewa furen na 'yan makonni ne, a kuma nuna masa inda zai ajiye shi. Wanda ya sayar wa mutum fansi a watan Maris bai faɗa masa ba, ya ci ribar yini ɗaya ya rasa abokin ciniki.

Mai neman ƙarin bayani sai ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa, ko Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ƙasa da ke Ibadan, wadda ke da reshe a Bagauda ta Jihar Kano, ko kuma Kwalejin Tarayya ta Koyon Aikin Lambu da ke Dadin Kowa a Jihar Gombe.

TAMBAYOYI DON BITA

1. Mene ne bambancin fansi mai yaɗo da fansi na yau da kullum?
2. Garinku a wane kashi yake cikin kashi ukun da aka ambata, kuma a wane mako ya kamata ku shuka?
3. Waɗanne abubuwa biyu ne irin fansi ke bukata kafin ya tsiro, kuma ta yaya tukunya cikin tukunya ke samar da su?
4. Don me aka hana zuba toka a tukunyar fansi?
5. Me ya sa bangon gabas ya fi na yamma dacewa?
6. Me zai faru idan aka shuka irin da aka tara daga nau'in F1?